Harisu, Wanda Bai Taɓa Kurɓa Ba

Ni agwagi nake sayarwa. Shekara talatin da ɗoriya ina nan Adjamé, cikin Abijan, bayan babbar tashar motoci, layin masu kaji, kuma kowa ya san rumfar Sharhabilu, ko don faɗan da nake yi da masu taya kaya kamar sadaka suka zo karɓa. Ba labarina zan ba ku ba. Ni ina na ga labari? Daga keji sai wuƙa sai tukunyar ruwan zafi. Na Harisu zan ba ku, abokina, wanda muka tashi unguwa ɗaya a Tasawa, muka hau mota ɗaya muka zo Abijan. Ni na tsaya a kashin agwagwa, shi ya wuce cikin turare.

Tun muna yara hancin Harisu ya fi na kowa. Sai ya tsaya a ƙofar gidansu ya ce yau miyar Inna ta kama, kuma daddawar ba ta gidan nan ba ce, roƙo aka yi a maƙwabta. A shiga a tarar haka ɗin ne. Da muka iso Abijan, wani mai turare a unguwar Treichville, Alhaji Badaruddeen, ya ɗauke shi shago. Shekara bakwai yana haɗa turare. Mata su zo da ɗan tsumma mai ƙamshin abin da wata ta shafa a biki, ya shinshina sau ɗaya, ya juya ya jawo kwalabe huɗu ko biyar, kafin la'asar ya haɗa musu irinsa.

A wannan shagon ne wata tsohuwar Bafaransa ta same shi. Madam Odil sunanta, tana da gidan abinci a wani lungu bayan rumbunan kaya na tashar jirgin ruwa, inda manyan ma'aikatan tashar suke cin abinci. Turare ta zo saya. Harisu, da shegen bakinsa da ba ya riƙe magana, ya ce mata duk turaren da za ta zaɓa ba zai zauna ba sai ta sauya riga, don wani abu ya zube mata a hannun riga mai ƙamshin fure da ɗanyar citta. Matar ta yi tsuru tana kallonsa. Ashe farar giyar inabi ce ta zube mata tun safe. Washegari ta dawo da 'yan kwalabe uku, ta ce ya gaya mata bambancinsu. Ya shinshina ya gaya mata, har ya ce ta ukun ta lalace, tana warin ɗaki da aka daɗe ba a buɗe ba. Nan take ta ce ya zo ya yi mata aiki.

Lokacin kuwa Alhaji Badaruddeen ya tsufa, yana shirin rufe shago ya koma gida, ga Tsahara, matar Harisu, da tsohon ciki. Harisu ya karɓi aikin, amma da sharaɗi ɗaya: zai ɗauki kwalba, zai buɗe, zai zuba, zai shinshina, amma ko ɗigo ɗaya ba zai shiga bakinsa ba har abada. Madam ta yi dariya ta ce ita hancinsa take so, ya riƙe bakinsa.

Da ya zo ya gaya mini, na wanke shi tas. Na ce, "Kai Harisu, kana da hankali kuwa? Ɗan Malam Lukumanu ne zai tsaya yana zuba wa mutane giya? Da mai sha da mai zubawa, wa ya gaya maka za a raba muku layi ranar tsayuwa?"

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Na sani, Sharhabilu. Hannuna ya ɓaci, na yarda, ban musa ba. Amma bakina ba zai ɓaci ba. Shi kaɗai ya rage mini da zan kai gaban Ubangiji, kuma zan kai shi da tsarkinsa."

Wata uku ban yi masa magana ba. Ranar da muka shirya, da kansa ya zo rumfata ya ce Madam tana son agwagi kowane mako, kuma ya gaya mata babu mai yanka mata sai ni. Sai ga ni na kama baki na yi shiru. Ni ɗin nan da nake zaginsa, da agwagin gidan nan na aurar da ƙannena biyu. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka waliyyi ke ba shi labari.

A unguwar Arras, inda yake zaune, mutane sun san yana aiki a gidan abincin Turawa, sun ɗauka mai tsaron ɗakin ajiya ne, shi kuma bai gyara musu ba. Tsahara ta san gaskiya. Farar rigar aikinsa a bokiti dabam take wanke ta, ta shanya ta can nesa da kayan sallah. Ba ta taɓa yi masa gori ba, amma kuma ba ta taɓa tambayarsa yaya aiki ba.

Agwagwa ce ta fito da sunan gidan Madam, kuma Harisu ne ya fito da sunan agwagwar. Gasa ta suke yi da ruwan lemu da zuma da citta da ɗan barkono, fatar ta yi ja ta yi ƙayau. Manyan Abijan kuwa sun haddace abu ɗaya: jan nama sai jar giya. Duk wanda ya zauna sai ya ɗaga hanci ya ce a kawo masa ja. Harisu zai sunkuya ya ce, cikin Faransancinsa mai ƙamshin Tasawa, ranka ya daɗe, a gwada fara. Wata fara ce daga wani yanki mai sanyi da suke kira Alzas, sunanta kuwa har yau harshena bai iya shi ba. Yakan zauna kan bencina ina figa yana mini bayani, kamar na tambaye shi.

"Agwagwa kitse gare ta," in ji shi, "kitse kuwa kwanciya yake yi a harshe. Sai an sami abu mai ɗan tsami ya ɗaga shi. Kuma ga zuma ga citta, in ka kawo ja sai su yi ta faɗa a baki, ɗaci ya fito. Wannan farar kuwa ƙamshin fure gare ta, da na citta can ƙasa-ƙasa, da wani abu kamar gwaiba ta nuna. Ita da miyar 'yan gida ɗaya ne."

Na ce, "Kai da ba ka sha, ina ka san ɗaci ya fito?"

Ya ce, "Fuska nake kallo. In mutum ya kurɓa ya koma kan naman da sauri, na dace. In ya nemi ruwa, na yi kuskure, gobe ba zan sake ba."

Ni ma ban tsira daga hancin nan ba. Zai ɗaga agwagwar da na fige, ya kai ta hanci, ya ajiye gefe ya ce wannan kan kifi aka ciyar da ita a bakin ruwa, ba masara ba, ba za ta shiga gidan Madam ba. In yi ta rantsuwa, in yi ta tsalle, daga baya in tambayi wanda ya kawo mini, ya ce e, a bakin ruwa yake kiwo. Wallahi akwai ranakun da na ji kamar in kwaɗa masa agwagwar a ka.

Akwai wata al'ada a irin waɗannan gidaje, kuma ita ce ta cinye shi. Kwalaben nan da wani ɓawon itace ake toshe bakinsu, bushon suke ce masa. Jefi-jefi ɓawon yakan ɓata abin da ke ciki, kuma ba ka ganewa da ido, kwalbar tana nan fes. Don haka mai zubawa yakan buɗe a ɗan tebur a gefe, ya tsiyaya kaɗan a ƙaramin kofi, ya ɗanɗana, sannan ya kai wa baƙi. Harisu yakan juya baya, ya ɗaga kofin zuwa fuskarsa, ya ja numfashi sau biyu, ya ajiye. Baƙi su ɗauka ya kurɓa. Madam kaɗai ta san bai kurɓa ba. Shekara ashirin da shida yana haka, kwalba ɗaya lalatacciya ba ta taɓa wuce shi ta kai tebur ba. Da wannan yake tinƙaho, in mun kaɗaice.

Madam ta ƙara tsufa, ƙafafu suka ƙi, ta koma ƙasarsu, can ta mutu. Gidan ya faɗa hannun ɗan ƙanenta, Tiyeri, saurayi mai saurin magana. Shi bai san da wani sharaɗi ba, Harisu kuma bai ga dalilin tayar da maganar ba tunda aiki yana tafiya.

Sai ciwon nan na korona ya zo. Harisu ya kwanta kwana goma, zazzaɓi da tari, ya tashi, muka ce alhamdu lillahi. Wata safiya ta damina ya zo rumfata. Duk wanda ya san layin masu kaji na Adjamé bayan an kwana ana ruwa ya san abin da nake nufi. Ni kaina da na shekara talatin a wurin sai na ɗaure hanci da ƙyalle. Harisu ya tsaya tsakiyar kejina ya ce, "Sharhabilu, yau wanke wurin kuka yi?"

Na fashe da dariya, na ɗauka tsokana ce. Da na ɗago na ga fuskarsa, sai na daina dariyar. Ya tsuguna ya kai hancinsa dab da kejin, ya ja numfashi, ya sake ja, ya miƙe ya ce ba ya jin warin komai.

Ba abin da ba a gwada ba. Likita ya ce ciwon ne ya kashe masa hanci, wasu yana dawo musu cikin mako biyu, wasu wata shida, wasu kuma sai abin da Allah ya yi. Tsahara ta yi masa hayaƙi kala-kala har idanunsa suka yi ja, aka ɗiga masa man habbatus sauda, aka yi masa tofi. Ya sami ɗan gwangwani ya zuba kanumfari da ɓawon lemu, kullum da asuba ya buɗe ya shinshina ya rufe. Na sha ganinsa yana ciro gwangwanin daga aljihu a cikin mota, ya buɗe a ɓoye kamar mai shan taba, ya mayar. Shekara ta zagayo, shiru.

A wurin aiki bai gaya wa kowa ba. Ya san kowace kwalba da sunanta da shekararta, ya san wacce ke tafiya da wane abinci, duk yana kansa. Ya ci gaba da juya baya yana ɗaga kofi yana jan numfashi sau biyu. Amma lalatacciyar kwalba ba a haddace ta. Kullum ya buɗe ɗaya sai ya tsaya yana kallon fuskar baƙo har ya haɗiye. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Rannan ya zo mini da tsakar rana da wani abu naɗe a jarida. Ya jawo ni bayan rumfa, ya buɗe, sai ga kwalba. Na ce, "La ilaha illallahu! A rumfata, Harisu? Inda nake yanka da sunan Allah?"

Ya ce, "Don girman zumunci, shinshina kawai. Gaya mini abin da ka ji. In ka iya, kullum zan riƙa kawo maka waɗanda nake shakka."

Na so in kore shi. Amma na kasa, sai na rufe ido na kai hanci. Na ce, "Wari take yi."

"Wane irin wari?"

"Irin na giya mana! Wane iri kuma kake so?"

"Babu fure? Babu kamar kwali ya jiƙe?"

Na sake shinshinawa, don Allah ya sani na so in taimake shi. Na ce, "Ɗan uwa, ni hancina kashin agwagwa ya gama da shi tuntuni. Wari dai nake ji."

Ya naɗe kwalbarsa ya ce ba komai, ya gode. Na tsaya ina kallonsa yana ratsa 'yan dako da masu kiran fasinja har ya ɓace, takaici ya ishe ni, na huce a kan wata mata da ta zo taya agwagwa.

A ƙarshen wannan shekarar wani kamfanin dakon kaya na tashar jirgi ya kama gidan gaba ɗaya don liyafar ma'aikatansa, mutum arba'in, kuma agwagwa suka ce. Ni na yanka su da hannuna. Tiyeri ya so a ba su ja, don ita suka saba. Harisu ya dage a kan farar nan tasa, ya ce Madam ba ta taɓa ba da agwagwar nan da ja ba. Tiyeri ya sakar masa. Cikin kwalaben da aka buɗe, biyu sun lalace, kuma don ƙaddara duk biyun teburin shugaban kamfanin suka tafi. Matar shugaban ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ture kofin ta ce wannan warin jiƙaƙƙen kwali yake yi. Mijin ya kira Tiyeri a gaban mutane. Tiyeri ya shinshina, ya ba da haƙuri, ya sa aka kwashe farar duka aka kawo ja.

A madafa ya tare Harisu ya ce, "Ka ɗanɗana kafin ka kai?"

Harisu ba ya ƙarya, shi ne babban aibinsa. Ya ce bai ɗanɗana ba, kuma bai taɓa ɗanɗanawa ba tun ranar da ya shigo gidan, da hanci yake aiki, hancin kuwa ya mutu fiye da shekara.

Zan so in zagi Tiyeri, amma gaskiya ba mugu ba ne. Da wani ne, da a take ya kore shi. Shi cewa ya yi Harisu ya zo ranar Litinin da ƙarfe goma, kafin a buɗe. Zai ajiye masa kofi uku, ɗaya daga lalatacciyar kwalba. Ya gano ta, da hanci ko da harshe, shi bai damu ba. In ya gano, aikinsa yana nan. In bai gano ba, to, gidan abinci ba zai riƙe mai zuba giya da ba ya jin wari kuma ba ya sha ba.

Ranar Lahadi bayan la'asar na je gidansa a Arras. Tsahara ta kawo mana ruwa, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Yaya Sharhabilu, ka yi masa magana. Na ce mu koma Tasawa, ya ƙi kula ni."

Harisu ya ce, "Mu koma wurin wa? Gidan Malam ya rushe, waɗanda suka san mu suna maƙabarta. Zuhura kuma fa?" Zuhura 'yarsu ce tilo, tana shekarar ƙarshe a makarantar aikin jinya, Hausarta ma sai a hankali, rabi Faransanci.

Na ce, "To ka zo rumfata. Agwagi ba su ƙare ba."

Ya ce, "Shekarata hamsin da takwas. Abu ɗaya na iya a duniya, Sharhabilu, ɗaya tak." Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Harshena bai mutu ba. Ina jin tsami, ina jin zaƙi, ina jin ɗaci. Wataƙila lalatacciyar ta fi ɗaci."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Me kake nufi?"

"Kurɓa ɗaya, in tofar. Su ma masu aikin tofarwa suke yi, ba sa haɗiyewa."

Na ce, "Haba Harisu! Haba! Shekara ashirin da shida kana cika mini kunne da bakinka, bakinka, bakinka. Na zage ka, ka ce bakinka. Na yi maka gori, ka ce bakinka. Yanzu don wani yaro ya jera maka kofi uku za ka zubar da shi? In ka yi, me ya rage maka?"

Tsahara ta juya ta shige ɗaki, muka ji tana kuka ƙasa-ƙasa. Na ɗauki hulata na fita ko sallama ban yi ba, kuma har yau ina jin haushin kaina a kan fitar nan.

Litinin ranar kai agwagi ce, don haka ina wurin. Na shiga ta ƙofar baya na ajiye kayana a madafa, na tsaya bakin ƙofar da ke kallon zauren cin abinci. Kujeru duk a kife kan tebura, sai tebur ɗaya da farin ƙyalle, kofuna uku a jere, da ɗan bokitin ƙarfe a gefe. Tiyeri yana tsaye ya harɗe hannuwa. Harisu ya sa farar rigarsa, an goge ta sosai.

Ya ɗauki na farko ya juya shi a hankali yadda ya saba, ya kai hanci, ya daɗe. Ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku. Ya koma na farko. Har da rufe ido, har da toshe kafar hanci ɗaya ya ja da ɗayar. Ina tsaye ina ta addu'a a zuciyata, Allah ka buɗe masa ko na daƙiƙa ɗaya. Tiyeri ya dubi agogonsa.

Sai na ga Harisu ya sake ɗaukar na farko, ya sauke shi daga hanci zuwa baki. Leɓensa ya motsa kamar zai yi bisimilla, don bai taɓa kai komai baki ba tare da ita ba, sai ya tuna, ya fasa. Ya kurɓa. Ya riƙe a baki, ya juya shi, ya tofar a bokiti. Ya kurɓi na biyu ya tofar. Ya kurɓi na uku ya tofar. Ya tsaya yana kallon kofunan, gumi yana bin wuyansa, sannan ya sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe ya nuna na tsakiya.

Tiyeri ya girgiza kai a hankali, ya ɗaga na ukun. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, kuma na ga alamar da gaske yake. Ya ce za a ba shi duk haƙƙinsa, da takardar shaida mai kyau. Harisu ya cire farar rigar, ya ninke ta, ya ajiye kan kujera, ya ce ya gode.

Muka fito tare. A bayan rumbunan kaya akwai famfo inda direbobin manyan motoci suke wanka. Ya durƙusa a nan ya yi ta kurkure baki. Ya roƙi sabulu wurin wani direba ya cusa a baki, ya wanke, ya sake, har dasashinsa ya yi jini. Na riƙe kafaɗarsa na ce ya isa haka.

Ya ce, "Ka san abin da na ji? Ruwan sanyi mai ɗan tsami. Duk ukun. Shi ke nan abin, Sharhabilu. Ruwan sanyi."

Muka zauna kan wata tsohuwar taya har aka kira azahar a ɗan masallacin direbobi. Na ce mu je. Ya miƙe, ya matso kusa da ni, ya buɗe baki ya ce in shinshina in gaya masa ko yana wari. Na shinshina. Na rantse masa da Allah babu komai sai sabulu. Ya ce ni da kaina na gaya masa hancina ba ya aiki. Na shiga masallaci, shi ya yi tasa sallar a waje, kan kwali, nesa da sahu.

Shekara biyu ke nan. Hancin bai dawo ba, ya ma daina ɗaukar gwangwanin. Tiyeri ya koma sayen agwagin da ake shigowa da su a daskare, ya ce sun fi sauƙi, don haka ni ma gidan ya fita daga hannuna. Zuhura ta gama makaranta tana neman aiki, ba ta san abin da ya faru ranar Litinin ɗin nan ba, an ce mata tsufa ne ya sa aka sallame shi. Harisu yana zuwa rumfata kullum da safe, ya zauna bakin tukunya yana figa. Ba shi da sauri, yatsunsa ba su saba ba, amma warin wurin ba ya damunsa, kuma ba ya faɗa da kowa. Na kai shi wurin limaminmu, ya gaya masa ƙofar tuba a buɗe take, wanda ya yi abin da ya fi wannan ma Allah yana yafe masa. Harisu ya ce ya sani, ya gode, muka taso.

Makon jiya kasuwa ta cika, wata mata ta sayi agwagi shida tana ta azalzala mota za ta tashi ta bar ta. Hannuna biyu ba su isa ba. Na miƙa wa Harisu wuƙa na ce ya taya ni yanka biyu. Ya karɓa, ya kama agwagwar, ya taka fukafukan, ya fuskantar da ita gabas yadda Malam Lukumanu ya koya mana muna yara. Ya ɗora wuƙar a wuyanta. Na ga ya buɗe baki. Na jira in ji sunan Allah, matar ma tana jira, agwagwar tana ta harbin iska.

Ya ɗago ya miƙo mini wuƙar ta wajen ƙota.

"Yanka da kanka," in ji shi. "Mutane ne za su ci."